Sukari Ya Bi Ruwa

4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata, 'Yar Kwalba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwar nan tawa da ta ƙi jin magani, musamman in zan hau benen ɗakin gwaji. Antinki tana gaishe ki. Mahaifiyarki ta biyo mana ranar Lahadi. Ni da ita 'ya'yan wa da ƙani ne, amma har yau ba ta daina ce min malamin hayaƙi ba. Na ce mata ai 'yarta ce ta fara fasa min kwalba tana 'yar shekara shida, yau ga ta can nesa tana neman digiri na uku a kan yadda ake koyar da kemistiri.

Kada ki ce me ya hana in kira ki. Wayata ta faɗa ruwa a wurin wanke kwalabe, ban kuma damu da gyaran ta ba. Magana mai nauyi a takarda take zama.

Kin tuna Sabon Malami, ɗaya daga cikin malamai biyar ɗin da kika zauna a azuzuwansu a watan Oktoba da na'urarki ta ɗaukar murya? To, ya ishe ni. Bango ɗaya ne tsakanin ajina da nasa, kuma ajin nasa ya koma kasuwa. Ya haɗe tebura huɗu-huɗu, ya tara murafan kwalba da 'yan robobin ɗiga maganin ido, wai da su yara za su yi gwaji. Kafin ya zuba komai sai ya tambaye su, "Me kuke zato zai faru?" Shi ke nan, a yi ta gardama har minti ashirin. Daga baya kuma ya sa su zana ƙananan da'irori a takarda, wai ƙwayoyi ne. Babi uku na wuce shi a manhaja. Ni shekara ashirin da tara ina rubutu a allo, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

Ga inda abin ya shafe ni. Shekararsa ta gwaji za ta cika, ni kuma a matsayina na shugaban sashen kimiyya zan rubuta rahoto, ko makaranta ta riƙe shi ko ta sallame shi. Yana da mata, ga jariri sun samu kwanan nan. Ba na so in raba mutum da abincinsa, ba na kuma so in ci amanar yara. Ke da kika ga aikin kowa, me bincikenki ya nuna? Ki faɗa min ba tare da kwana-kwana ba.

Kawunki.

25 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawuna,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu takardarka kuma na ji daɗinta ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Don Allah ka daina ɗaukar kwalin kwalaben nan da kanka. Ni lafiyata lau, sai mura da na yi sati guda ina fama da ita, yanzu ta sake ni. A gaishe min da Anti, a ce mata rigar sanyin da ta ba ni tana aiki.

Kawu, sakamakon ya fito, na kuma haɗo maka shafuka shida a cikin ambulan ɗin nan. Za ka tuna na raba wa yara takarda mai tambaya ɗaya. Ga kofi da ruwa, sikeli ya nuna giram ɗari biyu. An zuba sukari giram ashirin, an juya har ba a ganin sa. Nawa sikeli zai nuna yanzu, kuma me ya sa? Wannan "me ya sa" ɗin shi ne zuciyar aikin. Abin da masu bincike suke ta nanatawa a nan shi ne, yaro ba ya shigowa aji da kai fanko. Yana zuwa da nasa bayanin daga kicin da kan titi. In malami bai fito da wannan bayanin fili ba an gwada shi a gaban yaron, sai yaron ya riƙe na malam don jarrabawa, ya ajiye nasa don rayuwa. Shi ya sa ake so yaro ya fara faɗin zatonsa, sannan ya gani da idonsa, sannan ya yi bayani da bakinsa.

Na yi wa malaman alkawarin ɓoye sunayensu, don haka lamba na ba kowa. A ajin Malam na Ɗaya, yara talatin da takwas cikin arba'in da biyar sun ce ɗari biyu da ashirin, wanda shi ne daidai. Sauran azuzuwa uku suna tsaka-tsaki. Ajin Malam na Uku ne ya ɗaga min hankali. Yara tara kacal cikin arba'in da takwas suka samu. Sauran duk sun ce nauyin zai ragu, ko ma sukarin ba zai ƙara komai ba. Sau uku ina sake ƙirga takardun don ban yarda da idona ba.

Kawu, ka karanta shafin Malam na Uku a tsanake, kai kaɗai, sau biyu. Na san za ka gane shi. Bakina ya yi nauyi in faɗa da kaina. Ina ganin in ka gane shi, rubuta rahoton nan zai zo maka da sauƙi.

'Yarka,
'Yar Kwalba.

14 ga Maris

Zuwa ga 'yata, 'Yar Kwalba,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Allah ya raba ki da murar nan. Gwiwa da sauƙi, har jiya na hau bene ban riƙe ƙarfe ba. Antinki ta ce ki riƙa shan ruwan ɗumi.

Kai, 'yar nan, kin iya magana a dunƙule. Sau ɗaya na karanta na gane shi, ba sai an kai ga na biyu ba. Ranar Litinin kika fara da ajina, ni ne na Ɗaya ke nan. Talata kika tafi makarantar 'yan mata. Laraba kika dawo kika zauna a ajin Sabon Malami. Ɗaya, biyu, uku. Ko yaron firamare zai yi wannan lissafin.

Amma fa na girgiza. Na san aikinsa da sauran gyara, ban taɓa zaton ɓarnar ta kai haka ba. Tara cikin arba'in da takwas! Dokar da ta ce nauyi ba ya ɓata, wadda ita ce harsashin kemistiri gaba ɗaya, a ce yaro yana shekarar kusa da ƙarshe bai san ta ba? Malamin da ya yi wannan, ni a ganina, a karɓe masa alli kawai. Ga amfanin murafan kwalba da gardama.

Na gode da kika sauƙaƙa min. Ranar Alhamis na rubuta rahoton na miƙa wa Shugaban makaranta. Na ce yaro ne mai ladabi da zuwa aiki a kan lokaci, amma hanyarsa tana cutar da ɗalibai, ban ba da shawarar a riƙe shi ba. Kwamiti zai zauna ranar ashirin ga Afrilu. A ɗakin malamai ma na karanta musu alƙaluman Malam na Uku. Ban ambaci suna ba, amma da na kai ƙarshe na ɗaga kai na dube shi, kowa kuma ya ga inda na duba. Ya tattara takardunsa ya fita, har ya manta da kofin shayinsa.

Ba na jin daɗin abin, don na ga jaririn nasu sau ɗaya a bakin ƙofar makaranta. Sai dai gaskiya ɗaya ce. Ki ci gaba da ƙoƙari, kina fitar da mu kunya.

Kawunki.

30 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka, ina fatan kowa lafiya. Ka yafe min gajeriyar gaisuwa. A tsaye na karanta takardarka a bakin akwatin wasiƙu na sashenmu, da na kai tsakiya sai da na nemi kujera. Na kira wayar Anti nan take, ta ce ka ce in maganar mai nauyi ce in rubuto. To ga ta a rubuce.

Kawu, kai ne Malam na Uku.

Lambobin ba su bi ranakun zuwana ba. Malamar da ke duba aikina ce ta naɗe 'yan takardu ta zuba a kofi muka zaro, don kada kowa ya yi irin lissafin da ka yi. Kowane malami yana da haƙƙin sanin nasa sakamakon, shi ya sa zan iya gaya maka naka. Ba zan iya gaya maka lambar Sabon Malami ba. Abin da zan iya cewa kawai, ba shi ne na Uku ba.

Akwai abin da ban sa a shafukan da na aiko ba, don kunya. Yaran ajinka sun fi na kowa haddace dokar. Na ce su rubuta ta a bayan takardar, arba'in da huɗu suka rubuta ta ba kuskuren ko harafi ɗaya. Su ɗin ne kuma, a takarda ɗaya, suka ce sukarin ya rasa nauyinsa. Na rasa gane wannan har sai da na koma na saurari muryar da na ɗauka. Ka san yadda kake yi in ka gama bayani da Turanci ka ga idanunsu sun yi tsuru-tsuru, sai ka juya Hausa don ka taimake su. Ka ɗaga kofi, ka juya cokali, ka buɗe tafin hannu ka ce, "Kun gani? Sukari ya narke, ya bi ruwa." Yara su yi dariya. Sau goma sha ɗaya ka faɗe ta a darasi uku.

Kai kana nufin ya shiga cikin ruwan ya bazu. Amma Kawu, a bakinmu abin da ya bi ruwa ai ya tafi ke nan. In mutum ya ce wahalarsa ta bi ruwa, ba wanda zai je neman ta. Cikin yara talatin da tara da suka kuskure amsar, talatin da ɗaya sun rubuta dalilinsu da kalmominka: ya bi ruwa. Ga kuma kalmar narke da muke yi wa ƙanƙara, mu yi wa kyandir, mu yi wa sukari, alhali ba abu ɗaya ke faruwa ba. Dokar tana kansu, amma maganarka ce a zuciyarsu, domin suna son ka kuma sun yarda da kai.

Laifina ne da na yi maka magana a dunƙule. Na ɗauka ladabi nake yi. Kai ka fara ɗora ni a kan kujerar ɗakin gwaji, ban san ta inda zan buɗe baki in ce maka haka ba. Yanzu ga shi nauyin bakina zai raba bawan Allah da aikinsa. Na gaya wa malamata duk abin da ya faru, har da karanta alƙaluman a ɗakin malamai, ta kuma yi min faɗan da na cancanta.

Don girman Allah ka janye rahoton nan kafin ranar ashirin. In ka yi fushi da ni, na ɗauka.

'Yarka.

17 ga Afrilu

Kawuna,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya gwiwa? Kwana goma sha takwas ke nan ban ji daga gare ka ba. Anti ta ce takardar ta iso, ka karanta, ka sa a aljihun tebur ka kulle. Ta ce ba ka cin abincin kirki, kuma ka ɗauke mata sikelin kicin ka tafi da shi makaranta ba ka dawo da shi ba. Saura kwana uku kwamiti ya zauna, na kuma san wannan takardar ba za ta iso kafin nan ba. Na rubuta ne kawai don na kasa zama shiru. Ko zagi ne ka aiko min.

'Yarka.

26 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata, 'Yar Kwalba,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardunki biyu sun iso. Lafiyata lau, gwiwa tana nan yadda kika san ta. Antinki tana gaishe ki, an kuma mayar mata da sikelinta.

Zagi kika ce in aiko, to da na rubuta a kwana huɗun farko da kin samu. Na ce yarinyar da na share wa majina ita ce za ta auna ni. Na ce na'urarki ce ta yi ƙarya. Rana ta biyar da safe muna shan shayi, sai na tambayi Antinki tambayar taki, don in nuna wa kaina cewa tambayar ce mai ruɗarwa. Kin san ba ta taɓa zama ajin kemistiri ba. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Ɗari biyu da ashirin mana. Ina zai je? Ba ga zaƙinsa nan a bakinka ba?"

Daga nan na wuce shagon Mai Kemis. Kin san shi, ɗalibin da na fi alfahari da shi, wanda ya zo na ɗaya shekara goma sha takwas da suka wuce, yanzu shi ke haɗa wa rabin unguwa magani. Na jefa masa tambayar yana cikin ƙirga ƙwayoyi. Ya yi dariya ya ce, "Zai ɗan ragu mana, Malam." Sai ya buɗe tafin hannunsa, daidai yadda nake yi, ya ce, "Ai ya bi ruwa." Innalillahi. Da ya ga fuskata ya tsaya, ya yi tunani, ya gyara amsarsa yana ba ni haƙuri. Amma ta farkon ita ce ta ciki. Na fito daga shagon na manta ma inda na ajiye babur ɗina.

Washegari na shiga ajin Sabon Malami na zauna a benci na baya. Ya rikice, ya ɗauka wani sabon sharrin na zo da shi. Na roƙe shi minti biyar na yi wa yaransa tambayar. Wata yarinya ta tashi ta zana ƙananan da'irorin nan da nake yi wa dariya, na ruwa da na sukari a cakuɗe, ta ce, "Malam, bai ɓata ba, ɓuya ya yi." Ta ƙara da cewa su ma da farko sun ce zai ragu, sai da suka ɗora a sikeli da hannunsu. Laifi tudu ne, 'yata. Na taka nawa shekara ashirin da tara ina hango na wani.

Na je wurin Shugaba in karɓi rahotona, ya ce bakin alƙalami ya bushe, takardar ta riga ta shiga fayil ɗin kwamiti. Hanya ɗaya ce, wanda ya rubuta ya zo gabansu ya warware da bakinsa. Dalilin shiruna ke nan. Kwana da kwanaki ina neman wata hanyar da ba sai na tsaya a gaban mutane ba, ban samu ba.

Ranar ashirin na shiga da sikelin Antinki, da kofi, da sukari a leda. Mutum biyar ne a kwamitin, biyu a cikinsu ta hannuna suka wuce. Na ce kafin in yi magana kowa ya rubuta zatonsa a takarda. Uku suka ce zai ragu, har da ɗalibaina duka biyun. Na auna, na zuba, na juya, na ɗora. Ɗari biyu da ashirin cif. Sai na ce musu alƙaluman da na karanta a ɗakin malamai na ajina ne, kuma in akwai wanda za a karɓe wa alli bisa wannan hujjar, to ni ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sun riƙe Sabon Malami a aikinsa. Na koma ɗakin malamai na maimaita maganar a gaban duk waɗanda suka ga inda na duba a wancan karon.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya ce da na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Malam. Tun watan farko nake jin 'ya bi ruwa' ɗin nan ta bango, na rasa yadda zan gaya maka." Kin ji. Shi ya ji ya yi shiru, ke kin ji kin naɗe a takarda, Allah kaɗai ya san mutum nawa suka ji kafin ku. Ban san na zama mutumin da ba a iya gaya wa gaskiya ba. Nan gaba in kin ga gemuna ya kama wuta, kada ki tsaya gaisuwa.

Na ɗauko rajistocina na duba. Yara sun haura dubu uku. Ba zan iya bin su gida-gida da sikeli ba. Shekara ɗaya ta rage min in ajiye aiki, don haka waɗanda ke gabana su kaɗai zan iya gyarawa. Ranar Litinin na sa an haɗe tebura, na aro murafan kwalba daga wurin Sabon Malami, na ajiye kofi a kan sikeli na ce, "Me kuke zato zai faru?" Suka zuba min ido suna jiran in rubuta amsa a allo. Na sa hannuwana a aljihu don kada su buɗe da kansu. Sai da aka yi kusan minti uku kafin wani ya yi magana, ya kuma faɗi ba daidai ba, ban gyara masa ba. Sikeli ne ya gyara masa.

Kada ki cire komai daga littafinki saboda ni. Ki sa kalmar yadda na faɗe ta, sau goma sha ɗayan duka, don malaman da ke juya darasi zuwa harshen gida su riƙa sauraron bakinsu. In kuma kin samo kalmar da za ta raba narkewar ƙanƙara da ta sukari, ki aiko min da ita kafin hutu, don na yi sati ina nema ban samu ba.

Kawunki,
Malam na Uku.